Tarihin Sauti a Linux: Daga Katin Sound Blaster zuwa PipeWire

Sautin da ke fita daga lasifikar kwamfuta yana ratsa matakai da dama kafin ya kai kunne. Manhajar da ke kunna waƙa ko karatu tana riƙe da shi ne a matsayin jerin lambobi. Faifan CD, alal misali, yana ɗauke da ma'auni 44,100 a kowace daƙiƙa ga kowane ɓangare, hagu da dama. Katin sauti ne ke juya waɗannan lambobi su zama lantarkin da ke girgiza lasifika. Tsakanin manhajar da katin akwai direba, wato ƙaramar manhajar da ta san yadda ake yi wa wannan kati na musamman magana. A babbar manhajar Linux, wadda kowa ke da damar karanta rubutunta na asali ya kuma gyara, direbobin sauti suna zaune ne a cikin kanel, cibiyar tsarin da ke hulɗa da ƙarafan na'ura kai tsaye.

Kowane zamani na Linux ya zo da irin matsalar sautinsa, kuma maganin da aka samo wa kowace matsala yakan zama sabon hawa a kan na baya. Wasu daga cikin tsofaffin hawa ba su gushe ba, suna nan a ƙarƙashin sababbi. Shi ya sa tsarin da masu gyara ke bi yau wajen gano abin da ya hana kwamfuta magana ya yi daidai da jerin yadda aka gina waɗannan hawa cikin shekaru fiye da 30.

Zamanin katunan farko

Kwamfutar IBM PC da ta fito a 1981 ba ta da katin sauti. Ƙaramar lasifika ce kawai a cikinta mai yin ƙara idan an kunna na'ura ko an yi kuskure. Masu wasannin kwamfuta ne suka buɗe kasuwar katunan sauti. A 1987 kamfanin Ad Lib na Kanada ya fitar da kati mai ƙwayar lantarki ta Yamaha wadda ke ƙirƙirar amon kayan kiɗa. A 1989 kamfanin Creative Technology na Singafo, wanda Sim Wong Hoo ya kafa, ya fitar da Sound Blaster, mai yin duk abin da katin Ad Lib ke yi, ya kuma ƙara da naɗar murya da kunna ta. Cikin 'yan shekaru Sound Blaster ya mamaye kasuwa, Ad Lib ya durƙushe a 1992, sauran kamfanoni kuwa suka koma tallata katunansu da cewa suna kwaikwayon Sound Blaster.

Waɗannan katuna ana cusa su ne a ramin babban allon kwamfuta mai suna ISA, kuma kati ba ya iya sanar da na'ura ko shi wane ne. Mai kwamfuta ne zai zaɓa masa abubuwa uku da hannunsa: adireshin da za a riƙa aika masa umarni, layin IRQ da zai riƙa jawo hankalin furosesa da shi, da tashar DMA da zai riƙa kwasar bayanai daga memori ta cikinta. Ana yin zaɓin ne da wasu 'yan hulunan roba da ake ɗorawa a kan fil biyu-biyu a jikin katin. Sound Blaster ya saba zama a adireshi na 220, da DMA ta 1, da IRQ na 7, daga baya aka mayar da shi na 5. Layukan IRQ guda 16 ne kacal a kwamfuta, kuma na 7 shi ne na kafar na'urar buga takardu. Idan na'urori biyu suka haɗu a layi ɗaya, sauti yakan fara sannan ya tsaya, ko ya yi ta maimaita guntun farko, ko kwamfutar ta sandare gaba ɗaya.

Hannu Savolainen da OSS

Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. A 1992 wani ɗan ƙasarsu Finlan, Hannu Savolainen, ya rubuta direbobin sauti na farko, ya fara da Sound Blaster. Aikin ya yi suna da VoxWare, ya sauya suna fiye da sau ɗaya, har ya tsaya a kan Open Sound System, ko OSS a taƙaice.

Savolainen ya bi al'adar Unix ta ɗaukar kowace na'ura tamkar fayil. Katin sauti ya zama fayil mai suna /dev/dsp: manhaja ta buɗe shi, ta faɗi saurin ma'auni da yawan tashoshi, ta zuba lambobi, sauti ya fito. Akwai /dev/mixer na daidaita ƙarfin murya, da /dev/audio wanda ake iya kwafe fayil ɗin sauti a cikinsa kai tsaye domin gwaji. Sauƙin wannan tsari ya sa dubban manhajoji suka dogara da shi, har ya bazu zuwa wasu dangin Unix. FreeBSD har yau da salon OSS take magana, ko da yake da direbobin da mutanenta suka rubuta da kansu.

Wahalar tana wajen shigarwa. A shekarun farko, wanda ke son sauti sai ya sake harhaɗa kanel ɗinsa daga tushe, ya amsa tambayoyi kan adireshi da IRQ da DMA na katinsa. Idan ya kuskure lamba ɗaya, sai ya sake aikin daga farko, abin da kan ci awa ɗaya ko fiye a kwamfutocin lokacin. Daga baya Alan Cox, da tallafin kamfanin Red Hat, ya rarraba direbobin suka zama gutsattsari da ake lodawa ana saukewa kanel yana cikin aiki, ana ba su lambobin a lokacin lodawa. Red Hat ta haɗa da wata manhaja mai suna sndconfig da ke taimakawa wajen saita kati, kuma sautin gwajinta muryar Torvalds ce yana bayanin yadda yake furta sunan Linux.

A tsakiyar shekarun 1990 aka shigo da katunan ISA masu saita kansu ba tare da hulunan roba ba, waɗanda Windows 95 ta zo da shirin karɓarsu. A Linux kuwa sai mutum ya gudanar da pnpdump, ya samu dogon fayil mai jera duk saitin da katin zai iya ɗauka, ya zaɓi wanda bai ci karo da wata na'ura ba, sannan isapnp ya ɗora wa katin a duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Wannan wahala ta ragu ne da kanel 2.4 na 2001, wanda ya ɗauki aikin da kansa, ta kuma ƙare da yaɗuwar katunan PCI, waɗanda kowannensu ke ɗauke da lambar kamfani da lambar samfuri. Tun daga nan tambayar farko ta mai gyara ta sauya: ya daina neman inda katin yake zaune, ya koma tambayar ko akwai direban da ya san lambarsa.

A wannan tsakani Savolainen ya koma aiki da kamfanin 4Front Technologies, wanda ke sayar da cikakken OSS a rufe. Sigar kyauta da ta rage a kanel ta riƙa zama a baya wajen karɓar sababbin katuna.

Rigimar wa ke riƙe da kati

Babban gibin OSS na cikin kanel shi ne cewa a mafi yawan katuna manhaja ɗaya ce kawai ke iya buɗe /dev/dsp a lokaci guda. Al'amarin kamar rijiya ce mai guga ɗaya: wanda ya riga ya ɗauka shi ke ɗiba, saura sai jira. Mai sauraron waƙa ba zai ji ƙarar shigowar saƙo ba, kuma manhaja ta biyu sai ta ba da rahoton cewa na'urar tana cikin aiki, wani lokaci ma ta yi shiru ba bayani. Katuna ƙalilan ne ke iya gauraya sautuka da yawa a jikinsu. Sound Blaster Live! na 1998 yana cikinsu, kuma da Creative ta saki rubutun direbansa a 1999, ya zama katin da masu Linux suka daɗe suna ba juna shawarar saye.

Ga sauran jama'a, mafitar ita ce sabar sauti: manhaja guda da za ta riƙe katin ita kaɗai, ta karɓi sautin kowa, ta gauraya, ta miƙa wa direba. Sai dai kowane ɓangare ya gina tasa. Masu fuskar aiki ta GNOME suka ɗauki ESD, masu KDE suka ɗauki aRts tun daga KDE 2 na shekarar 2000. Sabobin biyu ba sa jituwa, kuma manhajar da aka rubuta domin /dev/dsp ba ta san da zaman ko ɗaya ba, sai an lulluɓe ta da wata dabara irin esddsp ko artsdsp da ke karkatar da sautinta. Gyaran sauti a wannan zamani yakan fara ne da umarnin fuser ko lsof domin gano manhajar da ta kame katin, a kashe ta.

Zuwan ALSA

A 1998 Jaroslav Kysela, ɗan Jamhuriyar Cek, ya fara wani sabon tsari. Asalinsa direba ne da ya rubuta wa katin Gravis Ultrasound, wanda bai gamsu da yadda OSS ke tafiyar da shi ba. Aikin ya faɗaɗa ya zama Advanced Linux Sound Architecture, wato ALSA. An shigar da shi kanel na gwaji 2.5 a 2002, sannan ya zama tsarin sauti na asali a kanel 2.6 da ya fito a Disamban 2003. Takashi Iwai, injiniyan kamfanin SUSE a Jamus, ya zama babban mai kula da shi, kuma ta hannunsa yawancin gyare-gyaren sauti ke shiga kanel shekara da shekaru.

ALSA ya kasu gida biyu. Direbobi suna cikin kanel, sunayensu na farawa da snd. A waje kuma akwai laburaren alsa-lib, wanda manhajoji ke magana ta cikinsa, yana kuma iya sauya saurin ma'auni ko yawan tashoshi idan katin bai iya abin da aka nema ba. ALSA ya zo da gano kati da kansa, da riƙe katuna da yawa tare, da naɗa da kunnawa a lokaci ɗaya, ya kuma tanadi kwaikwayon /dev/dsp domin tsofaffin manhajoji.

Ya zo kuma da matsalar da ta fi kowace shahara a tarihin sautin Linux. Direbobin ALSA suna tashi ne da dukkan tashoshin murya a toshe, domin kada ƙara ta fashe wa mutum a kunne ko ta lalata lasifika. Mutane da yawa sun yi ta sake shigar da direba lafiyayye, alhali abin da ake bukata shi ne buɗe alsamixer, a nemo ginshiƙan da ke da alamar MM a ƙasansu, a danna harafin M, a ɗaga murya, sannan a adana saitin da alsactl. Daga baya nau'o'in Linux suka riƙa buɗe tashoshin da kansu a lokacin shigarwa, amma duba alsamixer ya zauna a matsayin matakin da ba a tsallakewa.

Gaurayar sautuka ta samu mafita a cikin alsa-lib da wani sashe mai suna dmix. Da farko sai mutum ya rubuta saitinsa da hannu a fayil ɗin .asoundrc, mai ƙa'idojin rubutu masu wuyar sha'ani. A 2005 aka mayar da shi yana aiki da kansa a katunan da ke bukatarsa. Shi kuwa OSS, 4Front ta buɗe rubutun sigarsa ta 4 a 2007, amma a lokacin Linux ta riga ta yi nisa da ALSA. An share ragowar tsofaffin direbobin OSS na katunan PC daga kanel a siga ta 4.15, farkon 2018.

Daga kati zuwa ƙwaya a kan allo

Yayin da ake wannan, katin sauti mai zaman kansa yana ɓacewa daga kwamfutocin gama-gari. A 1997 Intel ta fitar da ƙa'idar AC'97, wadda ta raba aikin biyu: mai sarrafawa a cikin ƙwayoyin babban allo, da wata ƙaramar ƙwaya mai suna kodek da ke juya lambobi zuwa lantarki. A 2004 ta maye gurbinta da High Definition Audio, ko HDA. Ta wani ɓangare wannan sauƙi ne babba, domin direba ɗaya, snd-hda-intel, yana iya tafiyar da mai sarrafawa a kusan kowace kwamfuta, ko da ƙwayoyinta na AMD ne ko na Nvidia.

Wahalar ta koma kan kodek. Kamfanoni irin su Realtek, Conexant, SigmaTel da Analog Devices suna ƙera kodek mai ƙafafu da yawa, kuma kowane mai haɗa laftof yana jona su yadda ya ga dama: wannan ƙafa ga lasifikar ciki, waccan ga ramin hedfon, wata ga makirfo, wasu a bar su haka. Ƙa'idar HDA ta ce manhajar BIOS ta kwamfutar ce za ta rubuta wa kodek bayanin abin da ke jone da kowace ƙafa, direba ya karanta. Amma sau da yawa bayanin yakan zo da kuskure ko gibi, kuma ba a lura a masana'anta, saboda direban Windows da ake sayar da na'urar da shi yana ɗauke da nasa gyaran. Direban Linux da ya gaskata BIOS sai ya aika sauti inda babu lasifika.

Alamomin wannan zamani sanannu ne ga duk wanda ya sa Linux a laftof: hedfon na magana lasifika shiru, ko an cusa hedfon amma lasifika ba ta daina ba, ko makirfon ciki ba ya ɗaukar komai, ko lasifika biyu cikin huɗu ne kawai ke aiki. Maganin farko shi ne zaɓin model, inda mai kwamfuta ke gwada sunayen samfura ɗaya bayan ɗaya a fayil ɗin saitin direba har ya dace da wanda ya yi kama da na'urarsa. Magani mai ɗorewa kuwa shi ne jadawalin keɓantattun gyare-gyare a cikin kanel: kowane layi yana ɗauke da lambar shaidar wani samfurin kwamfuta da gyaran da ya dace da shi. Jadawalin kodek na Realtek kaɗai ya tara ɗaruruwan layuka, kuma kusan kowace sabuwar sigar kanel tana ƙara masa.

Domin masu kula da direba ba za su iya mallakar kowace laftof ba, sai aka ƙirƙiro kayan bincike daga nesa. Umarnin alsa-info yana tattara bayanin kati da kodek da saƙonnin kanel a fayil guda da za a haɗa da rahoton matsala. Iwai ya rubuta hda-emu, mai kwaikwayon kodek daga irin wannan bayani, ta yadda za a gwada faci, wato gyaran rubutun direba, ba tare da na'urar a hannu ba. David Henningsson, lokacin yana kamfanin Canonical, ya rubuta hdajackretask, wanda ke ba mai kwamfuta damar sauya aikin kowace ƙafa ya ji sakamakon nan take.

Na'urorin USB sun bi wata hanya mafi sauƙi. Tun 1998 akwai ƙa'idar gama-gari ta sauti a USB, aka sabunta ta a 2006, kuma duk na'urar da ta bi ƙa'idar tana aiki da direba ɗaya, snd-usb-audio. Wannan ne dalilin da ya sa ɗan ƙaramin katin USB mai araha ya zama mafitar gaggawa ga wanda sautin cikin laftof ɗinsa ya gagara.

PulseAudio da JACK

A 2004 Lennart Poettering na Jamus ya fara wata sabar sauti mai suna Polypaudio domin maye gurbin ESD, aka sauya mata suna zuwa PulseAudio a 2006. Ta kawo abubuwan da dmix ba ya iyawa: kowace manhaja da nata ma'aunin murya, mayar da sauti daga lasifika zuwa hedfon na USB ko Bluetooth yana cikin tafiya, da aika shi ta hanyar sadarwa zuwa wata kwamfuta. Cikin nau'o'in Linux, Fedora 8 ta ɗauke ta a ƙarshen 2007, Ubuntu 8.04 ta biyo baya a Afrilun 2008.

Shekarun farko sun yi tsanani, kuma dalilin yana da muhimmanci a tarihin direbobi. A tsohon salo, kati ne ke tada furosesa a kai a kai yana neman ƙarin lambobi. A 2008 PulseAudio ta koma dogaro da agogon kwamfuta: ta cika babban rumbun jira, ta bar furosesa ya huta domin tsimin batir, ta farka daidai lokacin da ta lissafa rumbun ya kusa ƙarewa. Wannan lissafi yana bukatar direba ya faɗi ainihin inda kati ya kai a cikin rumbun. Direbobi da yawa suna ba da amsar da ba daidai ba, kuma ba wanda ya taɓa lura saboda ba manhajar da ta dogara da ita haka a baya. Sakamakon shi ne sauti mai karcewa da yankewa. Jama'a suka ɗora laifin a kan PulseAudio, shawarar cire ta ta zama ruwan dare, wasu kuma suka koma tsohon salo da zaɓin tsched=0. Amma matsin lambar ya sa aka bi direbobin ALSA ɗaya bayan ɗaya ana gyara rahoton matsayi da na ƙarfin murya, kuma cikin 'yan shekaru ƙorafin ya lafa.

Masu aikin kiɗa da naɗar murya suna da wata bukata dabam: jinkiri kaɗan ƙwarai tsakanin taɓa kayan kiɗa da jin amonsa, da damar jona fitar wata manhaja da shigar wata. Domin su ne Paul Davis, mai manhajar naɗa ta Ardour, ya jagoranci gina JACK a farkon shekarun 2000. JACK yana aiki da ƙaramin rumbu, don haka idan furosesa ya makara ko da kaɗan ne, rumbun ya ƙare, a ji ɗan tsalle a sauti. Wannan shi ake kira xrun. Rage shi ya dogara da ba manhajar sauti fifiko a kan sauran ayyuka, kuma yana cikin dalilan da suka sa masu kiɗa suka daɗe suna amfani da facin kanel na aiki a kan lokaci wanda Ingo Molnar da Thomas Gleixner suka jagoranta, wanda bai gama shiga kanel na kowa ba sai siga ta 6.12 a 2024. Da yake PulseAudio da JACK kowannensu na son riƙe kati, tsohuwar rigimar /dev/dsp ta dawo a sabon hawa.

Wayoyi, famwaya da sababbin laftof

A ƙananan na'urori irin wayar hannu, kodek da amfilifaya da furosesa ƙwayoyi ne dabam-dabam da ba sa iya bayyana kansu. Liam Girdwood da Mark Brown, a kamfanin Wolfson Microelectronics na Edinbara a Sikotlan, suka gina wani sashe na ALSA mai suna ASoC, inda kowace ƙwaya ke da direbanta, sannan wani direba na uku ya bayyana yadda aka haɗa su a wannan allo. Wayoyin Android, da yake a kan kanel ɗin Linux suke, ta wannan sashe sautinsu ke bi.

Zuwa ƙarshen shekarun 2010 laftof ta fara kama da waya ta wannan fuska. Makirfon ciki ya koma na dijital, yana jone da wata ƙwayar sarrafa sauti ta DSP a cikin furosesa maimakon kodek. Wannan ƙwaya ba ta aiki sai an loda mata famwaya, wato manhajar da ke gudana a cikinta. A 2018 Intel da Gidauniyar Linux suka ƙaddamar da Sound Open Firmware, ko SOF, kuma direbobinsa suka shiga kanel 5.2 a 2019. Sabuwar matsala ta bayyana: direba yana nan lafiya, amma idan fayilolin famwaya ba su cikin kwamfutar, katin ba ya bayyana ko kaɗan, sai a ga na'urar bogi a jerin wuraren fitar sauti. Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wadda ta daɗe tana ware famwaya daga faifan shigarwarta na hukuma, ta sauya wannan manufa da ƙuri'ar mambobinta a 2022, kuma Debian 12 ta 2023 ta zo da su.

Ƙari a kan haka, laftof da yawa yanzu suna da amfilifaya masu nasu direba, irin CS35L41 na Cirrus Logic da TAS2781 na Texas Instruments, waɗanda ke jiran bayani daga jadawalin ACPI na BIOS. Idan bayanin bai cika ba, hedfon zai yi aiki, lasifika ta yi shiru ko muryarta ta fito siririya. Wannan ita ce matsalar ƙafafun HDA a sabuwar kama, kuma maganinta ɗaya ne: layi a jadawalin kanel mai lambar samfurin. Akwai kuma fayilolin UCM, masu bayyana wa sabar sauti maɓallan da za ta buɗe domin lasifika ko hedfon ko makirfo a kowane irin allo. Idan sun tsufa, kati zai bayyana amma ba a san hanyar fitar da murya ba.

PipeWire

Wim Taymans, ɗan Beljiyam kuma ɗaya daga cikin manyan maginan manhajar sarrafa sauti da bidiyo ta GStreamer, ya fara wani aiki a Red Hat a 2015 domin rarraba hoton bidiyo tsakanin manhajoji. Aikin ya ɗauki sunan PipeWire a 2017, ya kuma faɗaɗa zuwa sauti. Dabararsa ita ce ya amsa wa kowace manhaja da harshen da ta sani: wadda aka rubuta domin PulseAudio ta ɗauka da PulseAudio take magana, ta JACK ma haka, alhali saba ɗaya ce ke riƙe da katin. Fedora 34 ta mayar da shi sabar sauti ta asali a Afrilun 2021, Ubuntu ta bi a sigar 22.10, kuma siga ta 1.0 ta fito a Nuwamban 2023. Wata manhaja mai suna WirePlumber, daga kamfanin Collabora, ita ke yanke shawarar wane sauti zai bi ta wace na'ura. PipeWire ya kyautata aikin hedfon na Bluetooth, musamman sauyawa tsakanin salon sauraro mai inganci da salon kira mai buɗe makirfo. Duk da haka bai maye gurbin ALSA ba. A kansa yake zaune, kuma kuskuren direba yana ratsowa har sama.

Tsarin bincike a yau

Binciken matsalar sauti yana farawa daga ƙasa. Umarnin lspci ko lsusb yana nuna ko kwamfuta ta ga na'urar da lambarta. Saƙonnin kanel da dmesg ke nunawa suna faɗin ko direba ya hau, ko ya tsaya saboda rashin famwaya. Fayil ɗin /proc/asound/cards da umarnin aplay -l suna jera katunan da ALSA ya sani; idan katin ba ya nan, taɓa sabar sauti ɓata lokaci ne. Idan yana nan, sai alsamixer domin tashar da aka toshe, sannan speaker-test domin aika sauti ba tare da manhajar kunna waƙa ba. Bayan haka ne ake hawa zuwa saba, da wpctl status ko pavucontrol, inda sau da yawa ake tarar da cewa sautin yana tafiya ne zuwa kafar HDMI ta allon da ba shi da lasifika. Manhajar da ke kunna sautin ita ce ta ƙarshe a jeri.

Idan binciken ya nuna cewa samfurin kwamfutar ne kanel bai sani ba, mataki na farko shi ne gwada sabon kanel, domin mai yiwuwa wani mai irin na'urar ya riga ya kai rahoto. In ba haka ba, ana haɗa bayanin alsa-info a aika wa masu kula da direba, su turo faci a gwada. Facin da ya yi aiki yakan shiga kanel mai zuwa, a kuma mayar da shi cikin tsofaffin sigogin da ake ci gaba da kula da su, daga nan ya isa ga nau'o'in Linux ta hanyar sabuntawa. Saboda wannan zagaye ne sabuwar laftof ta fi fuskantar matsalar sauti a watanninta na farko a kasuwa, wadda ta shekara biyu ko uku kuwa yawanci sautinta kan yi aiki tun daga shigarwar farko. Kamfanonin da ke sayar da wasu samfuransu da Linux a ciki, irin su Dell da Lenovo, sukan tura gyaran waɗannan samfura zuwa kanel ta hannun injiniyoyinsu ko na masu ƙera ƙwayoyin tun kafin na'urar ta fito, kuma sauran samfuran da ke da allo iri ɗaya sukan amfana da gyaran.